Masaukin Inna a Kaduna

Shafi na 19

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu turo min saƙo tun da asuba kuna cewa na bar ku a rataye, na ji, na kuma gode. Ke kuma baiwar Allah da kika ce miyarki ta ƙone kina karatun shafin jiya, Allah ya mayar miki da alheri, amma ba ni zan sayi tattasan ba. Ga naku.

*

Saura kwana huɗu a yi wa Inna Yelwa aikin ido a Kaduna, amma har hantsin Juma'ar nan babu wanda ya san inda za ta sa haƙarƙarinta idan sun isa.

Abin da ya fi ci wa 'yarta Rahinatu rai shi ne, ba ɗan'uwa suka rasa a garin ba. Kawu Haladu yana can, ƙanin Inna ciki ɗaya, wanda ta goya a bayanta a Darki bayan rasuwar mahaifiyarsu. Shekararsa talatin a Kaduna. Babu gidan biki ko na suna a Wudil da Inna ba ta ba da labarin shagunan atamfarsa guda uku ba, ko an tambaye ta ko ba a tambaye ta ba. Amma da aka kira shi aka ce ga Yaya nan tafe, sai ya shiga kame-kame: an yaye rufin gidan ana gyara, a dai yi haƙuri.

Kwana biyu Inna ba ta ci abincin kirki ba. A wurinta, mutum ya sauka a otal a garin da jininsa yake, daidai yake da ya hau katanga ya yi shelar zumunci ya mutu. Har cewa ta yi a fasa aikin, ita ta saba da duhun. Da ƙyar da jiɓin goshi Muttaka, mijin Rahinatu, ya shawo kanta, shi ma sai da ta kafa sharuɗɗa.

Shi ya sa yanzu Rahinatu take zaune a falon maƙwabciyarta Khaulat, malama a jami'a, wadda yawon taro ya sa ta san otal-otal kamar yunwar cikinta. A waje motocin shanu sai wucewa suke yi zuwa kara, ƙasa tana girgiza.

"Faɗo sharuɗɗan Hajiya in ji," in ji Khaulat, tana buɗe manhajar kama ɗaki a wayar Rahinatu.

"Na farko, ɗaki a ƙasa. Ta ce ita ba tsuntsuwa ba ce."

"Na biyu?"

"Kada ta ji kiɗa, kada ta ji warin giya."

"Da gaskiyarta."

"Buta a banɗaki. Da inda zan ɗumama mata tuwo, don ta rantse ba za ta ci abincin da ba ta san hannun da ya tuƙa shi ba. Ga ni da yara biyu, Radiyya da ba ta zama wuri ɗaya, ga Garzali a nono. Abbansu kuma jarrabawa ta riƙe shi."

Khaulat ta yi dariya har tana dafa ciki.

"Wannan ai gidan ubanku kuke nema, ba otal ba. To bari mu gani."

Otal na farko da ya fito, Rahinatu har da tafa hannu. Fitilu, labule har ƙasa, gado kamar filin ƙwallo.

"Wannan ya yi!"

"Zauna dai," Khaulat ta ce. "Darasi na farko, kar ki taɓa yarda da hoton da mai otal ya saka da hannunsa. Akurkin kaji ma idan aka iya ɗauka sai ki rantse falo ne. Ki gangara ƙasa, inda waɗanda suka kwana suke rubuta abin da suka gani. Ki fara da masu ƙorafi, sannan ki nemi mata masu yara. Su ba sa rufa wa kowa asiri."

Suka gangara. Ashe kowace Asabar ana casu a bakin kwamin wankan otal ɗin har gari ya waye. Rahinatu ta ce a'uzubillahi, suka wuce. Na biyu ɗakunan iyalinsa suna hawa na uku. Na uku ya rubuta ƙarara cewa ko ruwan zafi ba a dafawa a ɗaki. Na huɗu wata mata ta ce kyankyaso ya fi baƙi yawa.

Jikin Rahinatu ya fara sanyi. Idan ta koma gida hannu rabbana, Inna ta samu hujjar da take nema, kuma likita ya riga ya ce yanar idonta ta nuna, ƙarin jinkiri ba alheri ba ne.

"Tsaya," in ji Khaulat. "Ga wani ɗan madaidaici a bayan asibitin. Hotunansa ba su da kyau, to wannan alama ce mai kyau. Karanta."

Rahinatu ta karɓa tana karantawa a fili.

"Ɗaki biyu a haɗe, ƙofa a tsakani. Akwai kicin na baƙi. Akwai masallaci a harabar. Babu mashaya."

"Ci gaba, sharhin mutane."

"Wata ta ce, ɗakunan ba wasu na a zo a gani ba ne, amma saboda Baba mai gadi zan dawo. Wani ya ce, bayan an yi wa mahaifina aiki an naɗe masa ido, Baba mai gadi ne yake riƙo hannunsa ya tsallakar da shi titi safe da yamma. Wata kuma ta ce..." Rahinatu ta ɗago tana murmushi. "Khaulat, kowa Baba mai gadi, Baba mai gadi. Ko dai shi ne mai otal ɗin?"

"Otal da ake yabon mai gadinsa, ki kama shi hannu bibbiyu. Saura ɗaki ɗaya a ƙasa. Ina katinki?"

Minti biyar ba a yi ba aka gama. Suka cike suna da lamba, suka rubuta a gurbin buƙata cewa akwai dattijuwa mai larurar ido, a taimaka musu daga tasha. Saƙo ya shigo: an kama ɗaki, Litinin zuwa Alhamis.

Rahinatu ta sauke wata ajiyar zuciya da ta kwana huɗu tana riƙe da ita. Ta kamo hannun Khaulat, idonta ya ciko.

"Wallahi ban san da bakin da zan gode miki ba. Allah ya raya miki zuri'a, ya sa ki gama da iyayenki lafiya. Yadda kika fitar da ni kunya, Allah ya fitar da ke kunyar duniya da lahira."

"Amin, amma ki adana addu'ar, ki kawo min soyayyen kifin bakin gada, ya fi saurin isowa." Khaulat ta miƙe. "Bari in sauke tukunya. Ki duba hotunan da baƙi suka ɗauka da kansu, ki samu abin da za ki kwatanta wa Hajiya."

Rahinatu ta shiga hotunan tana ta murmushinta. Ga banɗaki da buta har biyu. Ga kicin, ga risho. Ga wata bishiyar mangwaro da lilo a jikinta, Radiyya ta samu wurin ɓarna. Ta sake turawa.

Hannunta ya tsaya.

Wani dattijo ne a bakin ƙofar ƙarfe, sanye da shuɗin kayan masu gadi da suka koɗe a kafaɗa. Ya durƙusa yana ɗaura wa wani yaro igiyar takalmi, ya ɗago fuska yana dariya. Ta ja hoton da yatsu biyu. Ga wushiryar nan. Ga tabon nan a saman gira, na ƙahon saniya, wanda Inna take ba da labarinsa duk lokacin da aka yi zancen ƙuruciya.

A ƙasan hoton an rubuta: Baba Haladu, Allah ya biya ka.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Lafiya?" Khaulat ta leƙo da ludayi a hannu.

"Ara min ɗakinki. Waya zan yi."

Sai da ta kira sau biyu ya ɗauka.

"Ummi! Uwata ta kaina!" Haka shi da Inna suke kiranta, don sunan mahaifiyarsu ta ci.

"Kawu, ina wuni?"

"Lafiya lau. Ya gida, ya maigidan, ya ƙananan miji da mata?"

"Duk lafiya. Ya aiki?"

"Kasuwa sai godiya. Ya jikin Yaya?"

"Da sauƙi." Ta cikin wayar ta ji hon ɗin mota, sannan ƙarar ƙofar ƙarfe ana turawa. Sau nawa ta ji wannan ƙarar a shekarun nan tana ɗauka ƙofar shago ce? "Kawu, mun samu masauki."

"Alhamdulillahi! Kin ga ni wallahi kunya ta hana ni barci. A wace unguwa?"

"Bayan asibitin. Wanda yake da bishiyar mangwaro da lilo."

Sai da ta duba ko wayar ta katse.

"Kawu?"

"Wa ya faɗa miki?" Muryar ta koma ta wani tsoho da ba ta sani ba.

"Babu wanda ya faɗa min. Hotonka na gani."

"Hotona? A ina?"

"A shafin otal ɗin. Wani baƙo ya saka."

Ta ji yana salati ƙasa-ƙasa. Ta ji takunsa, kamar yana matsawa inda babu mutane.

"Tun yaushe, Kawu?"

"Shekara shida. Gobarar da aka yi a layinmu, wadda na ce muku ta tsaya a shagon maƙwabcina. Ba ta tsaya ba, Ummi. Ko ƙyalle ban fitar ba. Gidan ma ya bi shagunan. A nan nake kwana, ɗan ɗakin bakin ƙofa."

Rahinatu ta zame ta zauna a ƙasa. Shekara shida. A cikin shekarun nan babu Sallar da turmin atamfar Inna bai iso ba. Maganin hawan jininta bai taɓa yankewa ba. Ranar sunan Garzali rago ya aiko, Inna tana ta guɗa tana cewa a zo a ga aikin ƙaninta. Ita kuwa Rahinatu, kwana huɗun nan babu irin sunan da ba ta kira shi da shi a zuciyarta ba: mai rowa, mai gudun dangi, wanda arziki ya sa ya manta bayan da ya goya shi. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Kawu, ka yafe min. Na zarge ka."

"Ai da gaskiyarki. Ni ma da na ji bakina yana ce wa Yaya kar ta zo gidana, sai da na zargi kaina." Ya ja numfashi. "Yanzu dai taimako ɗaya za ki yi min. Ki soke ɗakin nan."

"Ba zai yiwu ba."

"Otal ya ƙare a Kaduna ne?"

"Wanda Inna za ta yarda ta kwana a cikinsa ya ƙare. Tun safe muke nema. Idan na ce mata an fasa wannan, wallahi aikin za ta fasa gaba ɗaya, ka fi ni saninta."

"Ummi, ki yi tunani. Ranar Laraba za a kwance mata ido. Shekara uku matar nan ba ta ga fuskar kowa da kyau ba. Kina so abin da za ta fara gani a duniya ya zama ni, da kayan gadi, ina buɗe wa 'ya'yan cikina ƙofa ina ce musu ranka ya daɗe? Matar da ta sayar da awakinta ta ba ni kuɗin mota zuwa Kaduna?"

Muryarsa ta karye a ƙarshe. Rahinatu ta share hawaye da gefen mayafi. Ta san idan ta bi ta lallashi ba za ta ci nasara ba, taurin kan 'yan gidan kakanta Malam Sha'aibu gado ne.

"Kawu, ka san me ya sa na zaɓi otal ɗin?"

"Kusa da asibiti."

"A'a. Ka taɓa karanta abin da baƙi suke rubutawa a kanku?"

"Ni ina na ga ta karatu a waya? Tawa ko hoto ba ta nunawa."

"To saurara."

Ta sa shi a lasifika, ta koma shafin.

"Wata mata daga Gusau ta ce: ɗana ya kwana da zazzaɓi, mijina ba ya nan. Baba mai gadi ya tafi a ƙafa cikin ruwan sama ya samo magani, na ba shi tukwici ya ƙi karɓa, ya ce shi ma yana da jikoki a Wudil."

Ta gangara ƙasa.

"Wani ya ce: kullum da asuba Baba yana ajiye wa tsofaffi ruwan ɗumi a buta a ƙofar ɗaki, ba wanda ya sa shi. Wata ta ce: 'yata har yau tana tambaya yaushe za mu koma gidan Baba. Wani kuma, ji wannan, Kawu. Ya ce: mahaifiyata ta ji tsoron otal, ta ce ba wurin mutanen kirki ba ne. Da ta ga yadda dattijon nan ya tarbe ta, sai ta ce ai nan gidan ɗan'uwa ne."

Ta ji wani sauti kamar tari, amma ba tari ba ne.

"Duk... duk an rubuta wannan?"

"Sun fi arba'in. Duk a kanka. Mutanen da ba su san juna ba, kowa yana sa maka albarka. Ni tun ban san kai ne ba na ce wannan bawan Allah shi nake so ya riƙe hannun uwata. Shagunan nan uku, Kawu, wa ya taɓa yi maka addu'a saboda su in ba Inna ba?"

Ya daɗe yana kuka, ita ma tana yi. Can ya ce, "Alhamdulillahi. Ashe ana gani. Na ɗauka na ɓace ne kawai a bakin ƙofar nan."

"Ba ka ɓace ba. Kuma na gode, Kawu. Atamfa, magani, ragon suna, yanzu na san da me aka saye su. Allah ya saka maka da gidan Aljanna."

"Amin, uwata. Allah ya yi miki albarka." Ya fyace hanci. "To ku zo. Ɗaki na huɗu za su ba ku, zan sa a sauya katifar, ta ciki ta lotsa. Amma ki bar ni in faɗa mata da bakina, bayan an kwance idon, bayan jininta ya sauka. Kafin nan zan roƙi abokin aikina mu yi musaya, in riƙa shigowa da babbar riga kamar daga kasuwa nake. Kin san hawan jininta. Idan ta ji yanzu, likita ba zai taɓa ta ba."

Wannan kam gaskiya ce, an gargaɗe su a asibiti.

"Ki yi min alkawari, Ummi."

"Na yi."

"Ki ce wallahi."

"Wallahi, Kawu, ba za ta ji daga bakina ba."

Ta wanke fuskarta a gidan Khaulat, ta sake yi mata godiya har sai da ta kore ta, sannan ta tsallaka gida zuciyarta wasai. Masauki ya samu, Kawu ya dawo mata, har tana tsara yadda za ta kwatanta wa Inna buta biyu da bishiyar mangwaro.

Ta yi sallama. Inna tana zaune a kan darduma a tsakar gida, Garzali yana barci a cinyarta. Ba carbi ne a hannunta ba. 'Yar ƙaramar wayarta ce, ta damƙe ta gam.

"Inna, albishirinki! An samu..."

"Na sani. Yanzu yarinyar otal ɗin ta kira ni."

Sai a lokacin Rahinatu ta tuna. Da sunan Inna suka kama ɗakin, lambar Inna suka rubuta.

"Yarinya mai ladabi," Inna ta ci gaba, muryarta a kwance, irin kwanciyar da Rahinatu ta fi tsoro. "Ta ce kar in damu, za su turo mai gadinsu ya tarbe mu a tasha. Ta ce ashe ma mutumin garinmu ne, har sunan uba muka haɗa. Haladu Sha'aibu Darki."



Inna ta juyo da fararen idanunta daidai inda Rahinatu take tsaye, ta miƙo hannu.

"Matso nan, Ummi. Tunda na haife ki ba ki taɓa yi min ƙarya ba. Dafa kaina ki faɗa min, Haladu nawa Malam Sha'aibu ya haifa?"